Yadda Randar Baba Maigadi Ta Shiga Rajista

A takarda sunan muƙamina dogo ne, wai mai kula da shirye-shiryen horaswa da zaman bincike a gidan adana kayan fasaha. A baki kuwa "Malamin 'yan IT" ake ce min, har mai ƙosan bakin ƙofa haka take kirana. Ni ke karɓar wasiƙun ɗaliban da jami'o'i da kwalejoji ke turowa sanin makamar aiki, in raba su sassa, in sa hannu a logbuk ɗinsu, wato littafin da suke rubuta aikin da suka yi, duk Juma'a, in kuma amsa tambayar da kowane rukuni ke fara yi tun kafin su zauna: "Malam, ana ba da kuɗin mota?" Shirin nan na sanin makamar aiki, wanda ake kira SIWES ko IT, hukumar ITF mai kula da horas da ma'aikata ce ta ƙirƙiro shi a 1973, shekarar da aka kafa bautar ƙasa, don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya karɓi kwalin digiri. A gidanmu kuwa abu na farko da nake koya musu shi ne kada su taɓa komai.

Rukunin bara su bakwai ne. Uku masu karatun zane-zane, ɗaya mai karatun tonon kayan tarihi, yarinya ɗaya daga sashen ilimin laburare mai rubutu kamar na injin buga takarda, sai biyu da suka faɗa min gaskiya cewa banki suka nema ba su samu ba.

Ina da wata huɗuba da nake yi wa kowane rukuni ranar farko, na haddace ta kamar karatun allo. Labarin Nok ne. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumin yumɓu a ƙauyen Nok, kudancin jihar Kaduna ta yanzu, aka ajiye ba a san darajarsa ba. A 1943 kuma aka tono wani kai na yumɓu a yankin Jema'a, wani ma'aikacin wurin ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya, ya zama dodon gona. Kan da ya haura shekara 2,000 a duniya, ga shi a bisa sanda yana gadin doya! Sai da aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, a Jos ya lura da kamarsa da na farkon, daga nan duniya ta san da fasahar Nok, shi ne kuma ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. In na kawo nan sai in yi shiru, in zare gilashi, in bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, in ce: "A gidan nan babu tarkace. Duk abin da kuka gani, ku ɗauka ya girmi kakanninku har sai an tabbatar muku da akasin haka."

Shekara da shekaru ina wannan huɗubar, ɗalibai na hamma suna latsa waya. Rukunin bara ne kaɗai suka ji maganata, kuma su ne suka jawo min.

A watansu na biyu iyalan wani Alhaji da ya rasu suka kawo mana kyautar kayansa: riguna 'yan ciki masu aska takwas, wani tsohon sirdi, akussa, zane biyu na fenti, da tukwane. Aka sauke su a barandar da ke gaban sito, inda ake ajiye sabon kaya kafin a shigar da shi. Wasiƙar iyalan ta ce kaya 11 ne. Na ce to, ga dama ta samu, yara su koyi shigar da kaya rajista.

Shigar da abu rajista a gidan adana kaya ba kamar rubuta bashi a kanti ba ne. Kowane abu ana ba shi lamba mai kashi uku: shekarar da ya shigo, lambar rukunin kayan, sai lambarsa a cikin rukunin. Ana auna shi, a ɗauki hotonsa, a rubuta duk tsaga da tabon da ke jikinsa. Sannan a nemi wani lungu a gindinsa a shafa ɗan ruwan gam mai haske, a bari ya bushe, a rubuta lambar da tawada, a sake shafawa a kai. Rajistar kanta babban littafi ne mai bango, da tawada ake cika shi, ba a yage shafi, ba a gogewa. Abin da ya shiga ya zama dukiyar gida, mai gadi da darakta duk ba wanda ya isa ya fita da shi da baki kawai. Na yi musu wannan bayani tiryan-tiryan, na raba safar hannu, na gargaɗe su kada wanda ya ɗaga tukunya ta wuya ko ta baki, hannu biyu ake sawa, ɗaya a gindi. Daga nan na tafi ɗaurin aure.

Ranar Juma'a suka jero da logbuk bakwai da fom-fom na kayan. Ana kiran salla, cikina na kiran ciroma. Na bi su da biro, sa hannu, sa hannu, sa hannu, kamar mai raba katin zaɓe. Yarinyar laburare ta ce, "Malam, kayan fa 12 muka samu." Na ce, "Madalla, idonku ya fi na masu kayan." Na sa hularta na fita.

Na 12 ɗin wata 'yar randa ce, baƙa-baƙa, mai faɗin baki, an rufe ta da faifai, a kafaɗarta kuma akwai zanen ƙadangare.

Makon da ya biyo baya baƙuwarmu ta iso, wata Baturiya daga Jamus da ta samu tallafin zaman bincike na wata 3 a kan tukwanen ƙasa. Hausarta a jami'a ta koya, daga tsofaffin littattafai, shi ya sa in ta gaishe ka sai ka ji kamar kana fadar sarki a zamanin Turawa. "Ranka ya daɗe, ina fatan ka kwana lafiya lau da iyalinka baki ɗaya." Ni ne mai masaukinta a aikace, ni na nemo mata ɗaki da katin shiga sito, don haka na ga ya kamata in nuna mata cewa mu ma ba a baya muke ba. Na kai ta gaban randar nan, na gyara tsayuwa.

Na ce mata wannan aikin Gwari ne, ba a kan inji aka gina ta ba, da hannu aka ɗora yumɓun. Na ce ta dubi ƙadangaren nan, irin zanen yankin Kwali ne, garin Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Na ba ta tarihin yadda Ladi ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta wani Bature, Michael Cardew, a 1954, a garin Abuja na da wanda yanzu ake kira Suleja, da yadda take ƙawata tukwanenta da ƙadangaru da kunamu da kifaye. Duk wannan gaskiya ne. Abin da babu shi ne alaƙarsa da randar da ke gabanmu.

Baturiya ta sa safa, ta fito da madubin ƙara girma, ta daɗe tana duban ƙadangaren. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin wannan zane bayan gashi aka yi shi. Masu gini suna zane tun yumɓu yana ɗanye, bakin layin yakan yi laushi. Wannan an kankare shi ne." Na yi murmushin manya na ce ai kowane gari da salonsa. Ta ɗaga faifan, ta leƙa, ta zaro wani tsumman buhu mai damshi. Ta warware, sai ga goro, fari da ja, sumul-sumul.

"Kuma goron nan ɗanye ne."

Duk mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ce ai wannan shi ne hikimar randar ƙasa, tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, iska na busarwa, cikin ya yi sanyi, Allah ya jiƙan Alhaji, mutum ne mai adana. Da yake doka ta hana ajiye abin ci a sito saboda ƙwari, na kwashe goron na kai ofishina. A kwanakin da suka biyo baya nakan ɓare ɗaya bayan azahar, in yi wa mamaci addu'a.

A ƙarshen kowane zango ɗalibai kan shirya ɗan baje koli na abin da suka koya, a gayyato malamansu masu duba su daga makaranta. Suka zaɓi randar ta zama tauraruwa. Aka ɗora ta a kan farin dandamali, aka kifa mata akwatin gilashi, aka haska mata fitila. Ni da bakina na yi shiftar abin da aka rubuta a katin: randar Gwari, salon yankin Kwali, tsakiyar ƙarni na 20.

Shi kuwa Baba maigadi, ashe ya je ƙauye bikin jikarsa ne lokacin da kayan Alhaji suka iso. Kafin ya tafi, da yake ana fentin ɗakin gadi, sai ya ɗauki randarsa ya kai inuwar barandar sito. Ya dawo bai gan ta ba. Ya zargi mai shara, ya zargi masu fenti, ya daina amsa gaisuwar wani ɗan bautar ƙasa da ya taɓa roƙonsa goro. Har ni ya kawo wa ƙara, na ce masa ya yi haƙuri, mutanen yanzu ba tsoron Allah, ina faɗa ina tauna.

Ranar baje koli aka ce ya taimaka da shigo da kujeru. Darakta na gaba, malaman jami'a biyu na gefensa, Baturiya na riƙe da littafinta, ni kuma ina tsakiyar bayani, na kai daidai kan ƙadangare. Sai na ji an dire kujera a bayana.

"Malam, wa ya sa min randa a keji?"

Na ce, "Baba, ana taro ne."

"Na ga ana taro. Randata ce. Shekara 3 ke nan da na saye ta a kasuwar ƙauyenmu. Wannan ƙadangaren jikana ne ya kankara da ƙusa, har na zane shi a kai. Ina gorona?"

Ɗakin ya yi tsit, ana jin ƙarar fanka. Ɗaya daga cikin malaman jami'ar ya juya yana karanta katin wani zane da tun ɗazu ya gama karantawa, kafaɗunsa na rawa. Baturiya ta durƙusa har ƙasa ta gaida Baba, ta tambaye shi ƙusar wace iri ce, ta rubuta. Darakta bai ce komai ba, gilashinsa kawai ya zare ya dube ni, irin zarewar da nake yi wa ɗalibai. Na yi ƙoƙarin borin kunya, na juya ga yaran na ce wa ya shigar da wannan ba tare da bincike ba. Yarinyar laburare ta buɗe fayil a natse, ta miƙo fom. Ga sa hannuna nan ɓaro-ɓaro, har da ɗan lanƙwasar da nake yi a ƙarshe in ina cikin nishaɗi. Dogon yaron nan mai karatun tono ya ƙara da cewa, "Malam, kai ka ce babu tarkace."

Na ɗauka abin zai ƙare da a ɗaga gilashi a miƙa wa Baba kayansa. Ina! Randa ta riga ta samu lamba. Fitar da abu daga rajista sai an rubuta dalili, kwamiti ya zauna, a aika sama a jira amincewa. Mai kula da sito, wanda dama muna 'yar tsama da shi tun wani rikicin makulli, ya ce shi ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai saki dukiyar gida ba takarda ba. Baba ya ce shi bai san takarda ba, ya san kuɗinsa. Kwana biyu ina safa da marwa tsakanin sito da ɗakin gadi.

Baturiya ce ta kawo mafita. Ta ce ai gidajen adana kaya suna ba da aron kayansu, a cike fom, a rubuta lafiyar abu lokacin fita, a sa ranar dawowa. Haka aka yi. Aka ba Baba aron randarsa na wata 6, ana sabuntawa har kwamiti ya zauna. A gurbin "wurin da za a baje" na rubuta ɗakin gadi. A gurbin "matakan tsaro" na rubuta cewa mai aron maigadi ne. Baba ya dangwala yatsa, yana ta jinjina kai yana cewa boko dai ba ƙarya ba ne, hauka ne.

Na ɗauko masa randar da kaina, da safa, hannu ɗaya a gindi, ɗalibai bakwai na biye da ni kamar rakiyar amarya. Na koma ofis na kawo tsumman goron. Baba ya zauna a bencinsa ya warware, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ya kira yarinyar laburare ya ce, "'Yata, duba min takardar nan taku, nawa kuka rubuta?"

Ta duba. "Goro 23, Baba."

"To 19 na gani."

Duk suka juyo. Na laluba aljihu, na tambayi Baba fari yake so ko ja.

Ya ce, "Manya dai, Malam. Irin waɗanda ka zaɓa."