Tsohon ɗalibina ya zo neman ƙuri'ata

Shekara 35 na yi ina riƙe da alli kafin na ajiye aiki. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022, wadda ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, ta zo bayan na riga na tattara littattafaina. Wannan bai dame ni ba. Abin da ke hana ni barci shi ne ajin da na bari: yara cunkushe, rabinsu zaune a ƙasa, allo ya ƙoƙe har alli ba ya kama shi.

Makon jiya wani tsohon ɗalibina ya zo gida da tawagarsa, yana neman kujerar majalisar wakilai. Ya durƙusa ya ce, "Malam, albarka na zo nema." Na sa masa, don haƙƙinsa ne a kaina. Amma da aka zo maganar ƙuri'a sai na tsaya.

Jam'iyyar da yake ciki yanzu ita ce ta uku da ya shiga. Na tambaye shi me ya raba shi da ta farko, ya ce an yi masa rashin adalci a zaɓen fidda gwani. Ta biyu fa? Ita ma haka. Ban ji inda ya ce sun saɓa a kan ilimi ko lafiya ko noma ba. Duk sauya sheƙar tasa a kan tikiti ce.

Na tuna masa da Malam Aminu Kano, wanda malamin makaranta ne kamar ni. Ya koyar a Bauchi da Maru, ya bar aiki a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU. An ɗaure magoya bayansa, an yi musu bulala, bai taɓa shiga fadar gwamna ko ta shugaban ƙasa a matsayin mai mulki ba har ya rasu a 1983. Duk da haka, wanda ya bi shi daga NEPU zuwa PRP ya san maganar talaka ce dai ba ta canza ba.

Wasu za su ce zamani ya juya, jam'iyyu ma ba su da aƙida, ina laifin ɗan takara? Akwai gaskiya a ciki. To ai ko a wace inuwa mutum ya fake, ana iya gane abin da ya riƙe. Shi ya sa na tambaye shi dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta, da kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, da jiha ba ta iya ɗauka sai ta zuba nata kason. Ko jiharmu ta zuba? Ya waiwaya ya dubi mai riƙe masa waya.

Rumfar zaɓenmu a makarantar da na koyar da shi take, ƙarƙashin darbejiyar da ya sha shara yana yaro. Na ce masa ya je ya leƙa ajinsa na dā, ya dawo mu ƙarasa maganar. Har yau ina jiran sa.