"Gajeriyar rashin lafiya" ba sunan cuta ba ne

Likitar ta ɗago kai daga takardar da take cikewa ta tambaye ni: "Mahaifinka, me ya yi ajalinsa, kuma yana da shekara nawa?" Shekarun na sani, 53. Sauran kuwa sai na ji ina ƙoƙarin juya mata abin da aka faɗa a sanarwar rasuwarsa zuwa Jamusanci: bayan gajeriyar rashin lafiya. Ta yi shiru tana jiran in ƙarasa, ni kuma ba ni da abin ƙarawa. Shekara 11 ke nan da rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa, amma sai a wannan ofishin na gane cewa ni da ya haifa ban san ciwon da ya tafi da shi ba. Kunyar da na ji har yau ba ta sake ni ba.

Abin da ya kai ni wurinta, a ganina, bai taka kara ya karya ba. In na hau bene hawa uku sai in ji kamar an ɗora mini bulo a ƙirji, nauyin ya gangara hannun hagu, in na tsaya minti biyu ya lafa. Tuni na yanke wa kaina hukunci cewa olsa ce, kun dai san yadda muke. Ita kuwa ta yi mini ECG, wato gwajin bugun zuciya da na'ura, ta ɗebi jini, ta sa na tuƙa keken gwaji da wayoyi manne a ƙirji. Ta ce idan uba ya kamu da ciwon zuciya kafin ya kai 55, ana saka ɗansa cikin waɗanda za a sa wa ido. Sakamakon bai kwanta mata ba, don haka sai an leƙa jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar.

Ɗakin da ake aikin sanyi gare shi ƙalau. Gadon siriri ne, da ƙyar ya ɗauki kafaɗuna. A samansa akwai na'urar hoto mai lanƙwasa kamar lauje, tana kewaya ƙirjin mutum ta dama ta hagu, ga manyan alluna a rataye. Duk ma'aikatan sanye suke da riguna masu dalma a ciki saboda hasken eksire. Ba a sa ni barci ba, idona biyu. Allurar kashe zafi kawai aka yi mini a wuyan hannun dama, daidai inda ake jin bugun jini. Ta nan aka zura bututun da suke kira kateta, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, tsawonsa kusan mita ɗaya. Ya bi jijiya ya haura hannu, ya ratsa kafaɗa, ya isa bakin zuciya, ni kuwa in ban da ɗan matsi a hannu ban ji tafiyarsa ba. Nas ɗin da ke tsaye a kaina bini-bini sai ta tambaye ni ko lafiya.

Sai likitan da ke aikin ya tura wani ruwa mai aidin ta cikin bututun. Nan take jijiyoyin zuciyata suka bayyana a allo, baƙaƙe, kamar saiwar bishiya, suna motsi tare da bugun, cikin 'yan daƙiƙu suka ɓace. Ya sake turawa, ya tsayar da hoton, ya ce in duba. A jijiyar da ke gangarowa ta gaban zuciya akwai wuri ɗaya da ya tsuke kamar an ɗaure tiyo da zare. Kusan kashi 80 cikin 100 na hanyar ya toshe. A zaman nan ya hura ɗan balan-balan a wurin, ya bar wata 'yar ragar ƙarfe ta tokare jijiyar. Duka-duka bai kai awa ɗaya ba. Aka ɗaura mini wani abu kamar agogo a wuyan hannu, ana rage masa iska kaɗan-kaɗan har jinin ya tsaya.

Da daddare barci ya ƙi zuwa, na ɗauki waya ina karanta asalin wannan aiki. A shekarar 1929, a garin Eberswalde da ke kusa da Balin, wani matashin likita mai shekara 25, Werner Forssmann, ya zura wa kansa bututu ta jijiyar hannu har zuciya, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto don ya kafa hujja. A 1956 aka ba shi kyautar Nobel tare da André Cournand da Dickinson Richards. A 1977 Andreas Grüntzig ya fara buɗe toshewar da balan-balan a Zurik. Wato Baba yana raye, yana dafe ƙirji, duk wannan ilimin ya daɗe da zama tsohon labari a duniya.

Shekara biyu ya yi yana cewa ƙirjinsa na masa zafi in ya yi tafiya. Shekara biyu yana shan maganin olsa, kuma ni ne nake aika kuɗin sayensa, ina jin na sauke nauyi. Ko sau ɗaya ba wanda ya manna masa wayar ECG.

Na san abin da wasu za su ce: ya je Turai ya fara raina gida. Wallahi ba haka ba ne. Muna da ƙwararrun likitocin zuciya, kuma a wasu manyan biranenmu ana yin wannan aikin. Sannan ba kowane mai ciwon ƙirji ne ke buƙatar kateta ba. Aikin na da nasa haɗarin, ko da yake matsala mai tsanani ba ta kai mutum ɗaya cikin 100, kuma dole a duba ƙoda tukuna saboda ruwan aidin ɗin. Amma kafin a kai ga bututu, sai wani ya yi zargin zuciya, kuma a nan muke faɗuwa. A nan ƙasar, wanda ya ce ƙirji, zuciya ake fara zargi har sai ta wanke kanta. Mu kuwa sai mu raɗa wa ciwon suna mai sauƙi mu zauna da shi. In mutum ya faɗi, mu ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma sanin sababi bai taɓa rage wa kowa tawakkali ba, kuma 'ya'yan mamaci suna da haƙƙin sanin abin da ke yawo a jininsu.

Abu ɗaya ne ya karya mini zuciya a asibitin nan. A takarda an ce in rubuta wanda za a kira in wani abu ya faru, sai na rubuta sunan abokin aikina. Da a gida ne, da ɗakin bai ɗauki mutane ba. Na kwana ina kallon hannuna, ina tunanin Baba ya samu mutanen ya rasa na'urar, ni na samu na'urar na rasa mutanen.

Da aka sallame ni na kira babban wana. Na ba shi labari tiryan-tiryan, ya yi ta salati. Na ce, "Yaya, don girman Allah, kai ba ka jin komai a ƙirji?" Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Ai 'yar olsa ce, irin ta Baba." Ban ajiye wayar ba sai da ya yi mini alkawarin zai je a yi masa ECG ranar Litinin. Lahadi da daddare zan sake kiransa.