Cocin zinare na Bahia, da abin da ya sa nake ganin da ruwanmu

Jama'a duk wanda ya taɓa ganin hoton cikin cocin São Francisco da ke birnin Salvador na jihar Bahia a ƙasar Brazil ya san abin da nake nufi, bango zinare, ginshiƙi zinare, har ido ya rasa inda zai sauka. Katako ne fa aka sassaƙa, ganyaye da tsuntsaye da mala'iku, sannan aka bi shi da zinare falle-falle. Wannan salon shi ake kira barok, kuma da gangan aka yi shi haka, lokacin cocin Katolika na ja-in-ja da 'yan Furotesta a Turai, sai suka ga gara mutum ya shigo ginin ya cika masa ido tun kafin limamin cocin ya buɗe baki.

Abin dariyar shi ne masu wurin 'yan ɗariƙar Faransis ne, waɗanda asalin tafiyarsu zuhudu ne da gudun duniya. Sun kafa gidansu a nan a 1587, cocin da ke tsaye yanzu kuma a 1708 aka fara shi aka gama gini a 1723, ado ya ci gaba shekaru bayan nan. Ni dai tsakar gidan sufayen ta fi burge ni a kan zinaren, an zagaye ta da tayil fari da shuɗi da aka ɗauko daga Fotugal, ko wane bango da hotonsa na wa'azi kan mutuwa da kwaɗayin dukiya. Wa'azin kwaɗayi fa, ƙofa ɗaya tsakaninsa da wancan ɗakin!

To a watan Fabrairun 2025 wani ɓangare na silin cocin ya rufto, wata matashiya 'yar yawon buɗe ido ta rasu, wasu suka ji rauni. Na san wani zai ce to ina ruwanmu, cocin Turawan mulkin mallaka ne. Ni ban yarda ba wallahi.

Salvador ita ce babban birnin Brazil har 1763, kuma arzikinta na rake ne da taba da zinaren yankin Minas Gerais na Brazil, galibi kuwa bayi ne daga Afirka suka noma suka haƙo. Unguwar da cocin yake, Pelourinho, nan ake ɗaure bawa a yi masa bulala a bainar jama'a. Daga baya, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi a ƙasar Hausa, an kai Hausawa da yawa Bahia ta bakin teku, su ne suka shirya bore a 1807, kuma a tawayen musulmi na Janairun 1835 cikin azumi, duk da Yarbawa ne suka fi yawa, da Hausawa a ciki, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Mutanen nan ta ƙofar cocin nan suke wucewa da kaya a ka.

Shi ya sa nake so a gyara shi, a gyara da kyau, tunda UNESCO ma ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya tun 1985. Amma in an sake buɗewa a rubuta a bakin ƙofa su waye suka yi wahalar da ta sayi zinaren, mai zagayawa da baƙi ma ya faɗa da bakinsa, ba wai ya tsaya lissafin mala'iku ba.