Kafin a kai ga PFAS, a leƙa rafin Jakara

Wani labari da na karanta ya ce ragowar magunguna da PFAS, wato wasu sinadaran masana'antu waɗanda ba sa ruɓewa, sun fara bayyana a ruwan sha. Gaskiya ne, amma an rubuta shi kamar matsalar Turawa ce kaɗai. Amurka dai a 2024 ta ƙayyade yawan PFOA da PFOS, iri biyu na PFAS, a ruwan famfo, mu kuwa ko tsohuwar dauɗar ba mu gama da ita ba. Duk wanda ya bi ta rafin Getsi a Kano, inda yake kwaso ruwan masana'antun Bompai ya haɗe da Jakara, ya san launin ruwan: baƙi ƙirin, ga kumfa ga wari, kuma da shi ake ban-ruwan latas da alayyafo har zuwa dam ɗin Wasai. Majemun zamani na Challawa da Sharaɗa kuwa da kromiyam, wani sinadari mai gurɓata ruwa, suke jima. Abin da labarin bai taɓo ba shi ne namu na gida. Da idona na ga mai kiwon kaji yana zuba musu antibayotik a ruwa kullum, ya wanke mazubin a kwata, manomi kuma ya ɗauraye tankin feshin maganin ciyawa a bakin rafi. Ga duk mai cewa a tafasa ruwa shi ke nan, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire kromiyam ko PFAS. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tun 2007, to yaushe za a auna rafukan nan a faɗa wa masu lambu sakamakon da Hausa?