"Ka ga alat?": tambayar da na daina ji a Guangzhou

Tun 2017 nake zaune a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ina haɗa wa 'yan Kantin Kwari da 'yan Wambai kaya ina loda musu kwantena. A hanyar da nake bi zuwa unguwar Xiaobei, inda galibin mutanenmu ke sauka, akwai wata tsohuwa mai gasa dankali idan hunturu ya kama. Ba ta da shago, ba ta da na'urar POS. Kwali biyu ne kawai rataye a jikin amalankenta, kore na WeChat, shuɗi na Alipay, manhajojin da ake biyan kuɗi da su a nan, kowanne ɗauke da ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari da ake kira lambar QR. Ka ɗora kyamarar wayarka a kai, ka rubuta kuɗin, ka danna. Kafin ka mayar da wayar aljihu, wata 'yar lasifika da ke ɗaure a gefe ta faɗa da Sinanci cewa yuan kaza sun shigo. Hannun tsohuwar na cikin toka, ko kallon waya ba ta yi ba, ta riga ta juya wajen mai saye na gaba.

Da na je gida babbar sallar bara, na zauna a teburin mai shayin unguwarmu, mutumin da ya san ni tun ina ɗan makarantar allo. Babu tsabar kuɗi a jikina, sai na ce zan yi tiransifa. Ya nuna mini kwalin da ya rubuta lambar asusunsa, lambobi goma, biyu daga ciki maiƙo ya fara cinye su. Na kwafa, na yi kuskure, na sake. Sunansa ya fito, na tura, aka cire kuɗin daga wajena. Shi kuwa shiru. Na tsaya kusan rabin awa ina tambayarsa ko ya ga alat, yana soya ƙwai yana leƙa waya. Daga ƙarshe ya ce, "Alhaji, je ka abinka, in ta shigo ta shigo." Wannan magana ta tsaya mini a rai har na dawo. Ni ya san ni, ya san gidanmu. Baƙon da bai sani ba fa? Ko dai ya tsare shi a benci har kuɗi su shigo, ko ya sake shi ya ɗauki kasadar alat na bogi. Ko ta wane ɓangare, ɗan jarinsa ne ke cikin haɗari, kuma jarin mai shayi nawa ne?

Ita wannan lamba ba a Sin aka ƙirƙiro ta ba, kuma ba don biyan kuɗi aka yi ta ba. A 1994 ne wani injiniya mai suna Masahiro Hara da abokan aikinsa a kamfanin Denso na Japan, wanda ke ƙera kayan gyaran mota, suka fito da ita don bin diddigin kaya a masana'anta. Lambar zane-zane da muke gani a jikin kwalin magani haruffa wajen ashirin kawai take ɗauka. Ta QR tana iya ɗaukar alƙaluma har 7,089. Manyan murabba'ai ukun nan na kusurwa su ne ke nuna wa kyamara inda lambar ta fara da yadda ta juya, shi ya sa ko a karkace ka riƙe waya tana karantawa. An kuma gina ta yadda ko wani sashe ya goge, har kusan kashi 30 cikin 100 a mataki mafi ƙarfi, za ta karantu. Wato maiƙon da ya ci lambobin mai shayinmu da wuya ya hana ta aiki. Sannan Denso bai nemi a biya shi ba kafin a yi amfani da ita, dalilin da ya sa ta bazu ke nan.

A nan an wuce maganar saye da sayarwa. Da ita ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ita ake buɗe keken haya, da ita ake zaɓar abinci a gidan cin abinci. Idan na haɗu da sabon mai masana'anta ba ma musayar kati, shi zai sikanin tawa ko ni in sikanin tasa, shi ke nan mun ƙulla.

Amma ina so 'yan uwa su gane abu ɗaya: lambar ita kanta ba ta ɗauke da ko sisi. Adireshi ce kawai, tana gaya wa wayarka inda kuɗi za su je. Abin da ya ba tsohuwar nan kwanciyar hankali shi ne abin da ke bayan takardar: kuɗi su tashi su sauka nan take, sannan murya ta tabbatar mata. Mu ma ai muna da lambar. A watan Maris na 2021 NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankuna wajen tura kuɗi, ta ƙaddamar da tamu lambar QR mai suna NQR don bankunan Najeriya su yi amfani da tsari guda. To, na zaga Kwari, na zaga Singa, na shiga Sabon Gari, abin da idona ya fi gani shi ne lambar asusun OPay ko Moniepoint a jikin bango, da masu POS ƙarƙashin lema. A ganina ba jahilci ba ne ya sa. Ɗan kasuwa ya ga ko da lamba ko ba lamba, in sabis ya tsaya sai an yi zaman jira, to me zai sa ya sauya abin da ya saba?

Indiya ta fi kama da mu a talauci da yawan harsuna, kuma ta yi abin da nake mana sha'awa. Tun da suka kafa tsarin tura kuɗi nan take mai suna UPI a 2016, lamba ɗaya ce a gaban mai rumfa, kowace manhaja mai saye ya zo da ita za ta karanta, kuma lasifikokin suna magana da harsunan gida. Ku yi tunanin irin wannan a Kasuwar Rimi, murya ta ce da Hausa, "Naira ɗari biyar sun shigo." Mai ƙosai da ba ta yi boko ba ba za ta sake neman yaro ya karanta mata saƙo ba. Mai fura da nono ba ta bukatar babbar waya, takardar da aka buga mata da murya sun wadatar, mai saye ne zai zo da kyamara. Wannan shi ne amfanin da ya fi damuna, ba na manyan kantunan da dama suna da na'ura ba.

Sai dai na zauna a nan na ga ɗaya fuskar, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ɓarayi sun riƙa manna lambarsu a kan ta mai kanti, ciniki ya yi ta tafiya aljihun wani. Har ta kai babban bankin Sin ya ƙayyade cewa daga Afrilun 2018 ba za a biya fiye da yuan 500 a rana ta irin lambar da aka buga aka manna ba. Wannan ƙarami ne. Lokacin korona, daga farkon 2020, kowa yana da lambar lafiya a wayarsa: kore, ɗorawa ko ja. In ba kore ba, babu shiga kasuwa, babu hawa jirgi, wani lokaci ko ƙofar unguwarku ba za ka wuce ba. Kusan shekara uku kullum da safe abin da nake fara dubawa bayan sallah ke nan, gabana na faɗuwa. A watan Yunin 2022 a birnin Zhengzhou, mutanen da suka je neman kuɗinsu da suka maƙale a wasu ƙananan bankuna sun ga lambarsu ta koma ja ba tare da wata cuta ba, daga baya aka hukunta wasu jami'ai. Tun ranar na daina kallon wannan murabba'i a matsayin sauƙi zalla.

Ko su Sinawa ba su yarda a kashe takardar kuɗi ba. Tun 2018 babban bankinsu yake gargaɗin cewa ƙin karɓar tsabar yuan saɓa doka ne, saboda tsofaffi da mutanen karkara. Mu kuwa a farkon 2023, da aka sauya takardun 200 da 500 da 1,000, an tura jama'a tiransifa da ƙarfin tsiya alhali hanyar ba ta shirya ba. Ina nan nesa ina jin yadda mata ke komawa ƙauye da kayansu ba a saya ba, yadda ake sayen naira da naira a wajen masu POS, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Shi ya sa duk wanda ya ce mini a kawo QR don a raba talaka da tsabar kuɗi, ba ma tare. A kawo ta kusa da kwanon canji, mai so ya ɗora waya, mai so ya miƙa takarda.

Makon da ya wuce na tsaya a wani shagon kayan lantarki na ɗauki irin 'yar lasifikar nan, da niyyar in sa a kwantena in aika wa mai shayinmu. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Mai shagon ya tambaye ni wace ƙasa za ta, na ce Najeriya. Ya girgiza kai ya ce da tsarinsu kaɗai take aiki, can ba za ta ce uffan ba. Na ajiye masa ita a kan kanta, na fito.