Faston filin tsere da matar direba

Daren wata Asabar, a wani ƙaramin filin tseren motoci na jar ƙasa da ke bayan garin Shalot a jihar Karolina ta Arewa, nan Amurka, wata mota ta hau tayar ta gabanta a kan kwana, ta tashi sama, ta wuntsila sau uku, ta daki shingen waya. Nan take aka ɗaga jar tuta, sauran motocin suka tsaya cak, aka kashe injuna. Filin da tun magariba ba ka jin maganar na kusa da kai ya yi tsit. Idon kowa na kan motar kwana-kwana da motar asibiti, amma wani dattijo mai rediyo a kunne bai nufi can ba. Ya hau 'yar motar lantarki irin ta 'yan wasan golf, ya miƙe bayan fage inda tirelolin masu tsere ke jere, ya tsaya gaban guda ɗaya. Wata mata na tsaye a kan rufin tirelar, hannu biyu a ka. Ya taimaka mata ta sauko, ya cire hularsa, ya yi mata magana a hankali, ya ɗauke ta zuwa ƙofar da za a fito da mijinta. Kafin a gama yanka ƙarfe a zaro direban, matarsa tana wurin, da mutum a gefenta.

Dattijon nan shi ne faston filin. Abin da ya tsaya mini a rai, bai tambayi kowa komai ba. Ya san lambar motar, ya san tirelar, ya san matar.

Ku da ke gida kun san faston bariki da limamin bariki. To, irin aikin ne, sai dai a filin wasa. Hukumar tseren motoci ta NASCAR, wadda aka kafa a 1948, tana gudanar da tsere 36 na babbar gasarta daga Fabrairu zuwa Nuwamba, mafi yawansu ranar Lahadi. Ke nan direba da makanikansa da iyalinsu sai su yi wata tara ba su zauna a majami'ar garinsu ba. Wannan ya sa a 1988 wani fasto, Max Helton, tare da wasu direbobi irin su Darrell Waltrip, suka kafa ƙungiyar Motor Racing Outreach, mai bin gasar fili-fili. Masu tseren miƙaƙƙiyar hanya kuwa suna da Racers For Christ tun 1971. A ƙananan filaye galibi faston wata majami'ar kusa ne ke yin aikin don Allah, ba albashi.

Al'adar da aka daɗe a kai a manyan filaye ita ce, bayan taron da hukuma ke yi da direbobi kafin tsere, sai a bar kujerun yadda suke, mai so ya zauna a yi sujada, wanda ba ya so ya tashi ba mai hararar sa. Ba ta kai rabin awa: waƙar yabo ɗaya ko biyu, karatu, gajeren wa'azi, addu'a. Faston da ya ja wa'azi zai ga kujeru sun koma fanko, domin agogon talabijin ba ya jiran kowa. A ƙaramin fili kuwa ana yin ta ne a gefen wata tirela ko a ƙasan benen 'yan kallo, kuma dole a idar kafin a tayar da injuna. Ƙarar motocin nan ta haura ma'aunin desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara cutuwa in an daɗe, saboda haka da zarar inji guda ya tashi, lasifika ta zama banza. Gogaggen fasto yakan zaɓi wuri nesa da janaretocin tireloli, ya tsaya iska na bayansa don ta kai muryarsa ga jama'a. Waƙoƙin a takarda guda ake buga su, domin littafi ba ya jure iska da ƙura. In za a ci Jibin Ubangiji, da 'yan ƙananan kofuna rufaffu ake zuwa, gurasar a manne a saman murfin, saboda buɗaɗɗen faranti cikin minti biyu ya cika da jar ƙasa. Ruwan sama shi ne babban mai ɓata shiri. Da ya sauko jadawali ya rikice, sai faston ya haƙura da taro, ya bi tireloli ɗaya bayan ɗaya yana addu'ar minti ɗaya ɗaya. Haka ma in motoci sun jeru za a tashi: zai sunkuya ta tagar direba, ya tambaya tukun ko ana so, sannan ya dafa kafaɗa ya yi addu'ar da ba ta wuce numfashi uku ba.

Sujadar ma ita ce ƙaramin ɓangaren aikin. Babban yana cikin dokokin da faston ke bi. Yana sa hannu a takardar ɗaukar alhakin kansa kamar kowa, a ɗaura masa shaida a wuyan hannu, ya sa rufaffen takalmi. Rediyonsa na kan tashar jami'an fili. Ba ya taka hanyar tsere sai shugaban masu ceto ya ba da izini, kuma akwai dalili: wasu motocin da man metanol suke gudu, wanda wutarsa da ƙyar ake ganinta da rana, mutum zai iya afka mata bai sani ba. Ba ya faɗa wa kowa halin da direba ke ciki, ko da ya gani da idonsa, wannan maganar likita ce. Nasa shi ne ya kai iyali inda ya dace, ya tsare su daga masu kyamara, ya tuƙa matar zuwa asibiti domin mai firgici bai kamata ya riƙe sitiyari ba, ya samo wanda zai kula da yara, da wanda zai loda tarkacen motar ya ja tirelar gida. Tun farkon kakar tsere yake zagayawa yana rubuta sunan wanda za a kira da lambarsa. Inda aikin ke lalacewa biyu ne: faston da ya zama ɗan kallo mai neman hoto da fitattun direbobi, da wanda bakinsa ba ya riƙe sirri. Da an gane shi, ƙofofin tireloli sun rufe.

Wani zai ce duk addu'ar nan ta hana mutuwa? Ba ta hana ba. Ranar 18 ga Fabrairu 2001, fitaccen direba Dale Earnhardt ya rasu a zagayen ƙarshe na tseren Detona 500, da ayar Littafi Mai Tsarki, Karin Magana 18:10, manne a cikin motarsa, wadda matar Waltrip, Stevie, ta ba shi kamar yadda ta saba. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Kafin shekarar ta ƙare an tilasta wa direbobi sa na'urar da ke riƙe kai da wuya, daga 2002 aka shiga sa wa katangun filaye bango mai shanye ƙarfin duka, kuma tun daga ranar ba direban da ya sake mutuwa a tseren babbar gasar. Sun ci gaba da addu'a, sun kuma gyara ƙarfe. Allah Ya ce tashi in taimake ka.

Ba zan ɓoye abin da ba ya yi mini daɗi ba. Addu'ar buɗe tsere da ake nunawa a talabijin tana zuwa ne a tsakiyar tallace-tallace, har a 2011 wani fasto a Nashbil ya tsaya yana gode wa Allah saboda kamfanonin mota da na taya da na mai, jama'a na shewa. Giya kamar ruwa take a sansanin 'yan kallo. Sai a 2020 NASCAR ta haramta tutar jihohin kudancin ƙasar da suka yi yaƙi don riƙe bayi. Musulmin da ya je kallo kuwa shi zai nemar wa kansa lungun da zai shimfiɗa darduma. Duk haka ne. Amma ko da duka wannan aka ɗora a sikeli, ni dai tafiyar dattijon nan zuwa tirela ta rinjaye su.

Domin mu a gida ba addu'a muka rasa ba. Mun fi su yi nesa ba kusa ba, daga "Allah Ya kiyaye hanya" na ɗan kamasho har zuwa mai wa'azin da ke shiga mota kafin a tashi. Ba mu rasa masu zuciya ba kuma. In mota ta kife a hanyar Zariya zuwa Kano, kafin ka ce kwabo mutanen ƙauye sun iso da gatari da ruwa. Muna da 'yan agaji masu horo da ke tsare filin Idi da sansanin alhazai, muna da zumuntar mata da ba ta barin mara lafiya shi kaɗai. Hukumar kiyaye haɗurra ma a 1988 aka kafa ta, sa'ar ƙungiyar fastocin can ce, tana da lambar gaggawa 122. Abin da babu shi ne mutum guda da aka ce wannan aikinka ne: ka isa wurin iyali kafin labari ya isa.

Kowace babbar tasha tana da masallaci da limaminsa, kuma akwai majami'a a kusa. 'Yan yuniyon sun riga suna rubuta sunan fasinja da lambar ɗan'uwansa a takardar lodi. Me zai hana a zaɓi liman ɗaya da fasto ɗaya, shugaban tasha ya riƙe lambarsu, jami'an hanya su riƙe, duk sa'ad da motar tashar ta yi haɗari su ne farkon waɗanda za a ba takardar? Su kira dattijon gidan, ba uwar ba. Kada su faɗi komai sai likita ya tabbatar. Kuɗin da ake bukata bai wuce na kati da man babur ba.

Mu ne fa muke da wannan ladabi tun asali. Da can in rasuwa ta faru a hanya, dattawa biyu ake tashi su je gidan, su yi sallama, su zauna, su fara da cewa jikin ya yi tsanani, a nemo maƙwabciya ta shiga wurin matan tukun. Yanzu wani ne zai zaro waya daga aljihun gawa ya danna lambar ƙarshe, wani kuma ya ɗauki hoto ya watsa a Facebook da WhatsApp ba ko mayafi. Mu da ke nan gabashin Amurka muna bayanku da awa biyar ko shida, haɗarin safiyarku tsakar darenmu ne. Mutum zai farka da asuba ya buɗe zauren 'yan garinsu, ya ga hoton mota a murƙushe, ya ƙura ido yana ƙoƙarin gane rigar da ke kwance a bakin kwalta, yana ta kiran gida ba wanda ya iya ɗauka.