Yadda na fasa wata duniya a teburin mai shayi

Hunturu ne ya ja min. Hazo ya turnuƙe gari, muna teburin mai shayi ana ta ƙorafin tari da kaushi, sai bakina ya fara ƙaiƙayi. Na ce ai namu hazon wasan yara ne. Akwai wata duniya, GJ 1214 b, da aka gano a 2009, faɗinta ya kusa ninka na tamu sau uku, kuma hazonta ya daɗe yana wahalar da masana.

Wani dattijo cikin farar babbar riga ya ajiye kofi. "Yaro, zuwa ka yi?"

Na ce a'a Baba, ko haske sai ya yi kusan shekara 48 kafin ya iso daga can. Dabara ake yi. Duk awa 38 tana giftawa ta gaban tauraronta, hasken ya ratsa iskar da ke lulluɓe da ita, kowace irin iska ta haɗiye nata launin, sai a duba wanne ya ɓace. Da aka auna da na'urar hangen sararin samaniya ta Hubble, sakamakon 2014 ya fito fayau babu alamar komai, gajimare ko hazo ya toshe. Sai a 2023 aka fitar da sakamakon wata na'urar, James Webb, da ta auna zafinta, aka ga hazon ma mai ƙyalli ne, yana mayar da haske.

Na lura ba su gamsu ba, ni kuwa ba na son a tashi ban ci gardama ba. Na zari ƙwai daga kiret, shi ne duniyar. Fitilar wayata ce tauraro. Tururin buta kuma hazo. Na shiga zagaya ƙwan a hankali, har wani ɗan acaɓa ya matso.

"Ka ce awa 38, wannan tafiyar ai ta shekara ce," in ji shi.

Na ƙara wuta. Tururi ya gasa min yatsu, ƙwan ya suɓuce, ya daki bakin buta, ya ƙare a ƙirjin farar rigar Baba. Ɗanye ne.

Wuri ya yi tsit. Baba ya dubi gwaiduwa tana gangara kan aikin wuyan riga, ya dube ni.

"To malam, wannan launin wace iska ce ta haɗiye shi?"

Mai shayi bai yi dariya ba, lissafi yake yi: ƙwai ɗaya, shayin Baba da ya kife, da kuɗin wanki da guga. Ɗan acaɓan kuwa cewa ya yi in maimaita, bai gane wajen giftawar ba.